Yinin Panda a Chengdu

Talata, tsakiyar Oktoba. Mun yi sallar asuba a masauki, ƙarfe shida da kwata muka fito gari bai waye ba, domin ƙasar Sin gaba ɗaya da agogon Beijing take aiki, rana ba ta fitowa a Chengdu wannan lokaci sai wajen bakwai. Cibiyar kiwon panda ta Chengdu muka nufa, mu biyar, ni da uwargida da yara uku. Abokinmu ɗan garin, Musulmi ɗan ƙabilar Hui wanda muka saba da shi a kasuwar Guangzhou, ya zo da iyalinsa. Shi ya hana mu zuwa a makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, ya ce ko wurin sa ƙafa ba a samu.

Tikiti tun shekaranjiya aka yanka ta manhajar waya ta WeChat, yuan 55 kowane babba. Da suna da lambar fasfo ake yanka shi, kuma fasfon kansa za a nuna a ƙofa, ba hotonsa ba. Nan muka ci karo da matsala ta farko: wajen shigar da lambar fasfon uwargida na juya lambobi biyu, sai da muka koma tagar ma'aikata aka gyara, minti ashirin suka tafi. A duba lambar nan sau biyu kafin a biya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 3 muka hau, muka sauka a tashar da ake kira Titin Panda, daga nan bas ta kai mu ƙofar kudu. Bakwai da rabi ake buɗewa. Cibiyar an kafa ta a 1987 da panda shida kacal da aka ceto daga daji cikin yunwa da ciwo, ga shi yau ta zama gari guda mai hawa da gangara, ba a gama zagaya ta da ƙafa a yini in da yara. Babban ɗana ya tambaya, "Kawu, ta ina za mu fara?" Abokin nawa ya ce a wuce tafki da shagunan tsaraba ba waiwaye, a nufi sama, a dawo musu daga baya. Shawarar nan ita ce ta gyara mana ranar.

Dalilin sammakon yana cikin cikin dabbar. Panda dangin beyar ce, hanjinta irin na masu cin nama ne, gajere, amma gora take ci kusan zalla, kuma ɗan kaɗan take iya narkarwa. Shi ya sa babba ke cinye kilo 12 zuwa 38 a rana, ya kwashe fiye da awa goma yana tauna, sauran lokacin ya kwanta don kada ya ɓarnatar da ƙarfi. Abincin safe tsakanin takwas da goma ake zuba musu. Wanda ya iso sha ɗaya, bayan dabba zai gani a kan katako. Da bazara kuwa abin ya fi haka, in zafi ya haura maki 26 ana shigar da su ɗakunan sanyi, sai dai a leƙa ta gilashi.

Mun tsaya gaban wani babba kusan rabin awa, tazarar taku goma. Zaune yake daram kamar mai cin rake a bakin kasuwa, ya jingina bayansa, ya miƙe ƙafafu. Yakan ɗauki sandar gora, ya shinshina, in ba ta yi masa ba ya yar. In ta yi, sai ya ɓare koren bayanta da haƙora, ya tura ta gefen baki, ka ji ƙaras ƙaras har inda kake. Ganye kuma tsinko shi yake ɗaya bayan ɗaya ya tara a gefen baki, in ya yi dami ya cire da hannu ya gatsa. Riƙon nan da yake yi ba da babban yatsa ba ne, ƙashin wuyan hannu ne ya yi tsawo ya zama kamar yatsa na shida. Ganin wannan kaɗai ya isa kuɗin tafiya.

Daga nan ɗakin jarirai. Mace sau ɗaya take karɓar namiji a shekara, kwana ɗaya zuwa uku kawai, kuma yawancin haihuwa tsakanin Yuli da Satumba ne. Jariri yakan fito da nauyin kusan giram 100, jajir, ido a rufe. Waɗanda muka gani sun yi wata biyu zuwa uku, baƙi da farin sun fito, suna jan ciki a kan bargo. Layi ne mai tafiya, ba a barin mutum ya daɗe, don haka a ɗaga ƙaramin yaro a kafaɗa tun kafin a iso gilashin. A kashe walƙiyar kyamara, a rage murya. Jefa wa dabba abinci ko ruwa kan jawo a hana mutum shiga cibiyar har abada, mun ja wa yara kunne tun a bas.

Layin ganin Hua Hua, shahararriyar pandar nan da aka haifa a Yulin 2020, mun bar shi. Tsayuwa ce doguwa don kallon 'yan mintoci, kuma a ganina bai dace da mai yara ba. Mun tafi wajen jar panda, ƙarama mai doguwar jela, wadda ba ma danginsu ɗaya ba.

Kuskure na biyu takalmi ne. Autarmu ta sa sabo, kafin sha ɗaya ya ci mata dunduniya, dole muka biya kuɗin ƙaramar motar zagayawa, ita ma da nata layin. A zo da tsohon takalmi, da rigar sanyi marar nauyi, da laima, da abin taɓawa daga gida, domin ba mu dogara da abincin ciki ba.

Sha biyu da rabi muka fito. Abokinmu ya kai mu Masallacin Huangcheng kusa da dandalin Tianfu muka yi azahar, sannan muka ci taliya da naman sa a wani shago mai alamar halal, wadda suke kira "qingzhen". Ya koya mana mu ce "bu la", wato ban da yaji, saboda barkonon Sichuan, lardin da Chengdu take, har leɓe yake kashewa. Yara sun yi barci a jirgi kafin tasha ta biyu. Gobe da hantsi za mu koma Guangzhou, tafiyar kamar awa biyu da rabi a sama.