Wa ya cancanci ya koyar da manajoji?

Duk wanda ya duba jerin sunayen malaman da ke koyarwa a sashen digiri na biyu na kasuwanci da gudanarwa, wato wanda aka fi sani da MBA, zai tarar da mutane iri biyu a tsangaya guda, alhali hanyoyin da suka biyo suka iso wurin ba su yi kama da juna ba. Akwai shehun malamin da ya shafe shekaru yana neman digiri na uku a fannin tattalin arziki ko ƙididdiga ko halayyar ɗan Adam, wanda mai yiwuwa bai taɓa ɗaukar ma'aikaci ko sallamarsa ba. Akwai kuma tsohon shugaban kamfani ko na banki, wanda ya daɗe yana yanke hukunci a kan dukiyar jama'a, amma bai taɓa rubuta maƙalar bincike ba. Ɗalibai kan yi ta muhawara a kan wanda ya fi amfani a cikinsu, ni kuwa ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba.

Muhawarar ta girmi duk masu yin ta a yau. An kafa makarantar Wharton a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1881, makarantar Tuck ta Kwalejin Dartmouth ta biyo baya a 1900, sannan Harvard ta buɗe tata a 1908 ta fara bayar da digirin MBA. A shekarun farko makarantu da yawa sun dogara ga akantoci da 'yan kasuwa masu koyar da abin da suka saba yi a ofis, har sauran sassan jami'a suka riƙa yi musu kallon wuraren koyon sana'a da suka shigo jami'a ta bayan gida. A 1959 aka fitar da rahotanni biyu, ɗaya da tallafin Gidauniyar Ford wanda Robert Gordon da James Howell suka rubuta, ɗaya kuma da tallafin Gidauniyar Carnegie ƙarƙashin Frank Pierson, kuma dukansu sun soki raunin karatun da ƙarancin binciken malaman. Daga nan aka juya akalar makarantun, aka zuba kuɗi wajen horar da masu digiri na uku, aka cika tsangayoyin da masana lissafi da tattalin arziki da zamantakewa.

Wanda ya ce wannan sauyi bai haifar da komai ba bai yi adalci ba. A makarantar gudanarwa ta Carnegie da ke Pittsburgh ne Franco Modigliani da Merton Miller suka wallafa aikinsu na 1958 a kan yadda kamfani ke haɗa bashi da hannun jari, kuma a can ne Herbert Simon ya koyar, wanda ya nuna cewa mai yanke shawara ba ya da cikakken bayani ko isasshen lokaci, saboda haka yakan tsaya ne a kan zaɓin da ya wadatar, ba wanda ya fi kowane kyau ba. Ya samu kyautar Nobel a 1978. Tsarin ƙiyasta farashin yarjejeniyar zaɓin saye ko sayar da hannun jari da Fischer Black da Myron Scholes suka fitar a 1973 ya shiga hannun dillalan kasuwar hada-hadar kuɗi cikin ɗan lokaci. Michael Porter na Harvard ya ɗauko ilimin tattalin arzikin masana'antu ya mayar da shi abubuwa biyar da ke tantance tsananin gasa a kasuwa, a maƙalarsa ta 1979, kuma har yau manajoji suna aiki da ita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fito daga labarin da tsohon shugaban kamfani ke bai wa ɗalibai.

Sai dai gyaran ya zo da nasa ciwon, kuma ciwon yana cikin yadda ake ƙara wa malami girma. A jami'o'in da suka bi tsarin Amurka, sabon malami yana da shekaru kamar shida ko bakwai kafin a yanke hukuncin ba shi kujerar dindindin ko a sallame shi, kuma abin da kwamitin ya fi dubawa shi ne maƙalun da ya wallafa a 'yan mujallun da masana ke girmamawa. Jaridar Financial Times ma tana da jerin mujallu hamsin da take ƙirgawa idan za ta jera makarantu bisa daraja, don haka shugaban tsangaya yana da dalilin matsa wa malamansa su nufi can. Maƙala guda kan ci shekaru tsakanin rubutu da gyara da jiran hukuncin masu tantancewa. Malamin da ya san makomarsa tana rataye a nan ba zai ɓata watanni yana zama da manajojin wata masana'anta don ya fahimci damuwarsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da aka ce za a auna shi da shi yake yi.

Mafi zafin suka daga cikin gida ta fito. Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya daɗe yana cewa ba a mayar da wanda bai taɓa jagorantar kowa ba manaja a cikin aji. A 2005 Warren Bennis da James O'Toole suka rubuta cewa makarantun sun kwaikwayi sassan kimiyya har sun manta cewa gudanarwa sana'a ce irin aikin likita ko lauya. A shekarar ce kuma aka wallafa maƙalar Sumantra Ghoshal na Makarantar Kasuwanci ta Landan, bayan rasuwarsa, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, domin shi bai ce binciken ba ya tasiri ba, cewa ya yi yana tasirin da bai kamata ba. Idan aka shekara ana koya wa ɗalibi cewa kowane manaja mai son kansa ne wanda dole a ɗaure shi da lada da sa ido, kuma ribar masu hannun jari ita kaɗai ce manufar kamfani, to kada a yi mamaki idan ya fita ya zama irin mutumin da aka siffanta masa.

Amma mai tsammanin maganin shi ne a cika aji da tsoffin shugabannin kamfanoni, shi ma bai hango nesa ba. Mutumin da ya yi nasara a kamfani ɗaya, a kasuwa ɗaya, a wani zamani, labari ɗaya gare shi, kuma sau da yawa ba ya iya rarrabe abin da dabararsa ta kawo da abin da sa'a ta kawo. Waɗanda suka bi irin dabarar tasa suka karye ba a gayyatar su su koyar. Lacca biyu ko uku daga bakinsa suna da daɗin ji, amma zangon karatu yana da tsawo, kuma idan labaran suka ƙare sai a ga ko akwai wani tsari a ƙarƙashinsu. Wannan ne ya sa hukumomin tantance makarantu, irin su AACSB da aka kafa tun 1916, suke rarraba malamai bisa karatunsu da gogewarsu, suna neman a samu gauraye.

Abin da muhawarar ke tsallakewa shi ne koyarwar kanta, wadda fasaha ce ta uku da ba digiri na uku ke bayar da ita ba, ba kuma kujerar shugabanci ba. Ɗalibin MBA ba yaro ba ne; yawanci ya yi shekaru yana aiki, ya bar albashi ya dawo aji, kuma a cikin ɗakin akwai injiniya da soja da likita da ma'aikacin banki, wanda kowannensu ya fi malamin sanin wani ɓangare na batun. Hanyar nazarin matsalolin kamfanoni na gaske, wadda Wallace Donham ya aro daga makarantar koyon shari'a ya kafa ta a Harvard a shekarun 1920, an gina ta ne a kan wannan gaskiyar. Ana bai wa ɗalibai labarin wani kamfani da ya tsaya a mararraba, da alƙalumansa da bayanan da ba su cika ba, su karanta kafin su zo. A ajin Harvard malamin yakan kira sunan wani ba tare da sanarwa ba ya ce ya faɗi abin da zai yi da shi ne shugaban, sannan ya shafe minti tamanin yana jan ragamar muhawara tsakanin mutane kusan casa'in, kuma kusan rabin makin ɗalibi daga abin da ya faɗa a aji yake fitowa.

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Dole malamin ya san alƙaluman fiye da kowa, ya san wanda ya taɓa aiki a irin wannan masana'anta don ya ajiye shi sai lokacin da maganarsa za ta fi amfani, ya katse mai yawan surutu ba tare da ya kunyata shi ba, ya jawo mai shiru, kuma ya danne sha'awarsa ta faɗin amsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da gwanaye, masu bincike da tsoffin shugabanni baki ɗaya, domin dukansu sun saba a saurare su. Malamin da ya iya wannan yakan sa ɗalibi ya gano da bakinsa cewa shawarar da ya kawo da ƙarfin gwiwa ta dogara ne a kan zaton da bai taɓa bincika ba.

Saboda haka mai shirin neman gurbi zai fi amfana idan ya tambayi wanda ke koyar da darussan dole na shekarar farko, wato lissafin kuɗi da harkokin kuɗi da tallace-tallace da dabarun gasa, maimakon ya tsaya ga manyan sunayen da ke cikin takardar talla. Ba abin mamaki ba ne a tarar cewa fitaccen farfesan yana hutun bincike, ko yana koyar da ɗaliban digiri na uku, ko kuma lokacinsa ya tafi ga gajerun kwasa-kwasan manyan jami'an kamfanoni da ke kawo wa makarantar kuɗi mai yawa. Makarantu da dama suna barin mai neman gurbi ya zauna a aji ɗaya ya saurara kafin ya biya kuɗin karatu, kuma tsoffin ɗalibai ba sa ɓoye sunan malamin da har yanzu suke aiki da abin da ya koya musu.