Na'urar gano rada a mota: yadda GPS ya rage mata ƙarar banza

Wasu 'yan uwa da ke zaune nan Amurka, musamman sababbin zuwa da suka fara tuƙi, suna yawan tambayata kan wannan 'yar na'ura da ake mannawa a gilashin gaba ta riƙa yin ƙara in akwai ɗan sanda mai auna gudu a gaba, wai tana aiki kuwa ko asarar kuɗi ce kawai. Amsata kullum ita ce tana aiki, amma in za ka saya to don Allah kar ka sayi wadda ba ta da GPS a ciki, ko aƙalla wadda ba za ta iya aron GPS ɗin wayarka ba. Dalilin yana da ɗan tsawo shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Da farko dai radar ɗan sanda igiyar rediyo ce yake harbawa, ta daki motarka ta koma masa, daga canjin da aka samu a igiyar da ta dawo sai na'urarsa ta lissafa gudunka. Ita kuma taka na'urar ba ta harba komai, kunne ce kawai, tana sauraron zangon da 'yan sanda ke amfani da shi. Zangon nan uku ne: akwai X wanda yake wajen gigahaz 10.5, shi ne tsoho kuma yanzu wurare kaɗan ne ke aiki da shi, akwai K a wajen 24.1, sai Ka wanda ya kama daga 33.4 zuwa 36, kuma shi ne akasarin 'yan sandan manyan hanyoyi suke riƙe da shi yanzu. Abin ba sabo ba ne, tun 1968 wani injiniya mai suna Dale Smith ya fito da irin wannan na'ura mai suna Fuzzbuster a jihar Ohio, kasuwarta kuma ta buɗe sosai bayan 1974 da gwamnatin tarayya ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa a faɗin ƙasar.

To matsalar ita ce ba 'yan sanda kaɗai ke zaune a kan X da K ba. Ƙofofin nan na manyan kantuna da shagunan magani da asibitoci masu buɗe kansu in ka matso, da yawansu 'yar rada ce a samansu take ganin motsinka, kuma a kan K take ko X. Allunan gefen titi masu nuna maka gudunka su ma haka, da wasu na'urorin ƙirga motoci da ake kafawa a manyan hanyoyi. Saboda haka in ka shiga gari da na'ura marar GPS wallahi ba za ka ji daɗin tuƙin ba, ka wuce kanti ƙara, ka wuce gidan mai ƙara, ka tsaya a danja kusa da shagon magani ta yi ta yi har sai an ba ka hannu, ga yara a baya suna tambaya mene ne, ga maiɗakinka tana cewa a kashe abin nan. Kuma ba hayaniyar ce ta fi damuna ba, abin da take yi wa kunnen direba ne. Kamar karen da ke yi wa kowa haushi ne har masu gidan, ran da ɓarawo ya zo ba wanda zai ɗaga labule ya duba. Mutum ya saba da danna maɓallin shiru ba tare da ya kalli fuskar na'urar ba, ranar da ƙarar gaskiya ta zo ma hannunsa zai kai ya kashe ta, kuɗin da ya zuba sun tashi a banza.

Abin da GPS ya kawo shi ne ya ba na'urar ƙwaƙwalwar tuna wuri. Ƙofar kanti ba ta tafiya ko'ina, jiya tana nan yau tana nan, kuma siginar da take fitarwa kusan a kan lamba ɗaya take. Sai na'urar ta haɗa abu biyu ta ajiye, ga inda nake a taswira, ga kuma ainihin lambar zangon da na ji a nan. Gobe in ka biyo ta wurin ta ji wannan lamba a wannan wuri sai ta yi shiru, wasu su nuna maka a fuska da launi mai duhu don ka san ta ji amma ta ƙyale. In kuwa wata lamba ta daban ta bayyana a wurin, misali ɗan sanda ya faka a filin kantin da radarsa ta Ka, to za ta yi ƙara kamar kullum. Wannan haɗin na wuri da lamba shi ne duk sirrin, ba wai tana toshe kunne a unguwar gaba ɗaya ba ne kamar yadda wasu ke zato. Kamfanin Escort ne ya yi fice da wannan tun 2007 da ya fitar da Passport 9500i, daga baya su Uniden da Radenso suka shigo. Kuma GPS ɗin daga tauraron ɗan'adam yake zuwa kai tsaye, ba ya cin data, ba a biyan ko sisi.

Wannan riƙe wuri da lamba shi ake kira kullewa, kuma iri biyu ce. Akwai ta hannu, wato kai ne za ka danna maɓalli ka ce mata wannan ƙarya ce ki riƙe, kamar a Uniden R3. Akwai kuma mai koyo da kanta, irin ta Escort da in ka bi wuri kamar sau uku tana jin sigina iri ɗaya sai ta kulle shi, in kuma daga baya siginar ta ɓace ta buɗe wurin. Valentine One kuwa, wadda ta shahara da kibiyoyi masu nuna ko daga gaba siginar take ko baya ko gefe, ba ta da GPS a cikinta, sai ka haɗa ta da waya ta Bluetooth manhaja ta yi mata aikin kullewar, yana aiki da kyau amma sai mai haƙurin saita abubuwa.

Ni na fi son ta hannu a kan hanyar da nake bi kullum, kuma ga dalili. Radar ɗan sanda ta K da ƙofar kanti maƙwabtan juna ne a zango, kuma kullewar ba lamba ɗaya tak take rufewa ba, tana rufe ɗan fili a gefe da gefe saboda siginar ƙofofin tana ɗan zamewa in zafi ko sanyi ya canza. To ka ga in ɗan sanda mai K ya zo ya tsaya a daidai wurin da ka kulle, lambarsa kuma ta faɗa cikin filin nan, na'urarka za ta yi tsit ka wuce ta gabansa. Ba kullum hakan ke faruwa ba amma yana yiwuwa, musamman a layin da kantuna suka jeru ka kulle lambobi da yawa a wuri guda har kusan duk K ɗin ya rufe. Shi ya sa nake cewa kar ka kulle abin da ba ka ga tushensa da idonka ba, ka ga ƙofar ko allon tukuna. Zangon Ka kuwa kar ma ka fara kulle shi, ƙofofi ba sa aiki da Ka, in ka ji shi ka ɗauka gaskiya ne ka duba malejinka.

Wani amfanin GPS da ba a cika maganarsa ba, kuma a wurina ya kusa kai kullewar muhimmanci, shi ne na'urar ta san gudunka. Kana iya ce mata in ina ƙasa da mil 30 ki yi shiru, shi ke nan duk hayaniyar cikin cunkoso da wurin fakin da tsayuwar danja ta tafi, don mai rarrafe a go-sulo ba ya buƙatar gargaɗi. Sannan akwai rumbun wuraren kyamarorin danja da na gudu, waɗanda da yawansu na'urar ba ta da yadda za ta ji su sai dai taswira ta gaya mata, amma fa sai kana sabunta rumbun a kwamfuta ko ta waifai, in ba haka ba za ta riƙa yi maka gargaɗin kyamarar da aka cire tuntuni.

Inda GPS ba ya da abin yi shi ne ƙaryar da ke tafiya a kan taya. Motoci da yawa suna da rada a cikin bambar baya mai lura da motar da ta ɓuya a gefen da madubi ba ya nunawa, kuma wasu a kan gigahaz 24 suke, wato tsakiyar K. Wasu Honda da Acura da Mazda da motocin GM sun yi suna a kan wannan wurin masu amfani da na'urar. Ka bi bayan irin wannan mota a babbar hanya za ta yi ta sa na'urarka ƙara mil bayan mil, kuma ba wurin da za ka kulle tunda tare kuke tafiya. Maganin wannan shi ne matatar da ke cikin manhajar na'urar, mai bambance salon siginar mota da ta ɗan sanda, a nan ne ma mai tsada take nuna bambanci da mai araha, shi ya sa sabunta manhaja ba abin wasa ba ne. Sababbin motoci suna komawa gigahaz 77 wanda na'urar ba ta ma jinsa, amma tsofaffin za su daɗe a kan titi. Haka kuma ba GPS ɗin da zai cece ka daga leza, wato na'urar ɗan sanda mai auna gudu da haske maimakon igiyar rediyo, haskenta siriri ne a kan motarka kaɗai ake saita shi, galibi kafin ka ji ƙara an riga an ɗauki gudunka. Ga kuma ɗan sandan da ke kashe radarsa sai ka matso ya kunna.

Maganar doka kuma dole in yi ta, don mutanenmu da yawa suna zaune a Merilan suna aiki a Washinton ko Bajiniya. A ƙaramar mota na'urar halal ce a kusan duk jihohin Amurka, amma haramun ce a Bajiniya da birnin Washinton, Bajiniya har alluna ta kafa a bakin iyaka, kuma mai bin babbar hanyar 495 zai iya tsallakawa daga Merilan zuwa Bajiniya cikin 'yan mintuna bai ankara ba, sai ka cire ta ka zare wayarta ka jefa a but kafin gada. Bajiniya ba ta wasa da gudu, wuce ƙa'ida da mil 20 ko haura mil 85 laifin tuƙin ganganci ne da ke kai mutum gaban alƙali, ga mai jiran takardun zama kuwa wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne. 'Yan uwa direbobin tirela ku kuma dokar tarayya ta hana ku ita a ko'ina tun 1994, duk motar kasuwanci da nauyinta ya haura fam 10,000 ta shiga ciki, haka ma cikin barikin soja. Mai tsallakawa Kanada ya sani Ontariyo da Kubek sun hana, a Faransa tarar tana kai yuro 1,500 kuma a ƙwace na'urar.

In ka saya, ka ba ta 'yan makonni a kan hanyarka ta aiki da masallaci da makarantar yara kafin ka yanke mata hukunci, kwanakin farko za ta yi surutu sosai don ba ta san garin ba tukuna. Ka saita shirun ƙaramin gudu tun ranar farko, ka kunna matatar K, ka kulle ƙofofin da ka tabbatar ɗaya bayan ɗaya, in ka tashi daga unguwar ko ka sayi ta hannu daga wani kuma ka goge duk abin da ke ciki ka fara sabo, don wuraren da ya kulle a garinsa ba ka san dalilinsa ba.