Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Ƙasar Da Muka Binne

Makon jiya na tsaya inda Kawu ya kai ni wurin fasa dutsen siminti, aka miƙa mini sandar awo ina bin safiyo. Wasu sun ce in ba da labarin aurena na fari. Za a zo nan. Yau maganar ƙasar sama ce ta hana ni barci, wato ƙasar saman fili da shuka ke tsirowa a cikinta, ita za ku ji.

Kawu heluma ne, bai yi boko ba. Ranar da aka shimfiɗa taswirar sabon fili, idon kowa yana kan inda dutse ya fi kauri, shi kuwa ya ɗora yatsa can gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, ina za a ajiye ƙasar sama? Ba a fafe gora ranar tafiya." Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini.

Ba wai injiniyoyin ba su san aiki ba. Tun kafin katafila ta shigo an huda filin, an zaro dutse dogo-dogo kamar sanda, an jera a akwati an kai ɗakin gwaji. Ana duba yawan kalsiyam, ana tsoron magnesiya, don in ta yi yawa siminti kan kumbura bayan an gama gini. An lissafa tan nawa na ƙasa za a kwashe kafin a sami tan ɗaya na dutse. An yanka ramin hawa-hawa, kowane hawa mita 10 zuwa 15, an fitar da hanyar tifa. Daga baya ni aka damƙa wa nakiya, amoniyam naitiret kashi 94 da dizal kashi 6, ramukan da aka ɗura wa nakiyar suna tashi ɗaya bayan ɗaya don kada girgiza ta haɗu. Shekara 9 ina wannan aiki, ko tsakuwa ba ta taɓa tsallake shinge a hannuna ba. Wanda ya ce ƙarya nake ya fito.

Amma duk shirin tona ne. Na mayar da ƙasa kuwa, shafi biyu ne a ƙarshen fayil.

Kawu yakan ce ƙasar sama rai gare ta. Iri yana ciki, tana tana ciki, saiwa tana ciki. A kwashe ta daban, kada a haɗa da ta ƙasanta. Tarin kada ya wuce mita 2, don in ya yi tudu na cikin yakan shaƙe ya mutu. A shuka masa ciyawa kada ruwa ya wanke shi, tifa kada ta bi ta kai. Kuma da an gama cin dutsen ɓangare ɗaya, a cike shi a shimfiɗa masa ƙasarsa, ba sai ranar rufe wuri ba. Shekarun baya jikata ta karanta mini wannan tsari daga littafinta na jami'a, da Turanci mai nauyi. Na ce mata, "'Yar nan, kakanki Kawu ya faɗa a tsaye, da hula a hannu."

Bayan Kawu ya ajiye aiki aka kawo wani manaja. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Ya ga tarin ƙasar ya tsare masa hanyar injin niƙa dutse, sai ya ce a ture ta cikin juji tare da ɓaraguzai, a rage sawun tifa. Na ce, "Yallaɓai, ba a fafe gora..." Ban ƙarasa ba ya ce ba karin magana aka ɗauke ni in yi ba. Na sa hannu a takardar. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Wannan ba hujja ba ce, na sani, faɗa kawai nake yi. Kwana 6 katafila ta binne abin da Kawu ya yi shekaru yana gadi.

A tsakanin nan ne ramin ya kai ga ruwa, aka kafa injuna suna ja dare da rana, rijiyoyin maƙwabta suka ja baya. Irin wannan dutse ruwa yana cin sa ta ciki, yana da kogunan da ba su cikin taswirar kowa. Wannan ma rigima ce mai zaman kanta.

Da dutsen gabas ya ƙare, masu duba muhalli suka zo. Muka baje ɓaraguzai, muka dasa itatuwa jere-jere don a gani. Farar tsakuwa ba ta riƙe ruwa, ba ta da abin ciyar da saiwa. Kafin shekara ta zagayo sun zama ƙirare. Manajan ya riga ya sami ƙarin girma ya tafi. Aka buɗe fayil, sa hannuna aka gani.

Na je gaida Kawu a ranar, yana kwance, idonsa ya fara dushewa. Na yi zaton zai maimaita mini maganar goran. Bai yi ba. Tambayata kawai ya yi, mita nawa ƙasar take a ƙarƙashin jujin. Na ce za ta kai 20. Ya juya fuskarsa bango.