Daga Mutum-mutumin Gona Zuwa Hannun Ƙarfen Masana'anta

A ƙarshen damina na raka kawuna gonarsa da ke kan hanyar Dass, na tarar ya kafa mutum-mutumi a tsakiyar gero, ya sanya masa tsohuwar riga da malafa domin korar tsuntsaye. A nan na tuna cewa da wannan sunan muke kiran na'urorin da ke harhaɗa motoci a Japan da Jamus, har da waɗanda ke yawo a duniyar Mars. Sunan yana da daɗin faɗi, amma a ganina yana ɓoye mana ainihin tarihin abin, domin yana sa mu zaci kama da mutum ita ce manufa, alhali abin da maƙera da masana suka shafe ƙarnoni suna nema shi ne yadda za a ba ƙarfe umarni ya bi ba tare da an tsaya a kansa ba.

Tun a ƙarni na farko na Miladiyya, Hiro na Iskandariyya ya bayyana yadda zafin wuta da nauyin ruwa za su buɗe ƙofofin wurin bauta da kansu. A ƙarni na tara kuma 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa suka tattara dabaru kusan ɗari a Bagadaza, kuma an san su da na'ura mai busa sarewa wadda ke bin ƙusoshin da aka jera a jikin wani gungume mai juyawa. Idan aka sake jerin ƙusoshin, sai kiɗan ya sake, wato umarnin ya rabu da jikin na'urar, kuma daga nan ne duk abin da ya biyo baya ya samo tushe.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya kammala littafinsa na na'urori hamsin a 1206. A ciki akwai agogon ruwa mai siffar giwa, akwai kuma wata buta mai siffar ɗawisu ta wanke hannu. Ruwa yana zubowa daga bakin ɗawisun, wanda aka yi amfani da shi ya taru a ƙasa ya ɗaga wani abu mai yawo a kansa kamar yadda ƙwarya ke tasowa a randa, sai ƙofa ta buɗe wani ɗan hadimi na ƙarfe ya miƙo sabulu, idan ruwan ya ƙaru na biyu ya fito da tawul. Babu lantarki ko kaɗan a cikin wannan aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓoye sirrinsa ba, ya zana kowane sashe ya bayyana yadda ake haɗa shi domin wani maƙeri ya iya kwaikwaya, kuma ina takaicin cewa na gama makaranta a Bauchi ban taɓa jin sunansa a aji ba.

Turawa sun yi nasu na ban mamaki, kamar agwagwar inji da maƙeri Vaucanson ya nuna a 1739 a Faransa, amma masaƙar Jacquard ta 1804, wadda ke karanta zanen tufafi daga katuna masu huda, ta fi ta tasiri nesa ba kusa ba, ko da yake ba ta kama da kowace halitta. Ita kanta kalmar robot, wadda muke fassarawa da mutum-mutumi, sai a 1920 ta bayyana, a wasan kwaikwayon marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, kuma asalinta kalma ce mai nufin aikin tilas.

A 1961 aka girka Unimate, ƙirar George Devol, a masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka. Hannu ne guda na ƙarfe, ba kai ba ƙafa, yana ɗauko sassan ƙarfe masu zafi waɗanda ke ƙona ma'aikata, yana maimaita matakan da aka adana masa. Bayansa aka shiga koya wa na'ura gani da yanke shawara, inda wani mutum-mutumi mai suna Shakey, da aka gina a Kalifoniya tsakanin 1966 da 1972, ya riƙa amfani da kyamara yana tsara hanyarsa a cikin ɗaki. Kamfanin Honda ya nuna ASIMO mai tafiya da ƙafa biyu a 2000, duniya ta yi ta kallo, amma waɗanda suka ci gaba da aiki su ne irin Curiosity mai taya shida da ya sauka a Mars a 2012, da hannuwan da likitoci ke sarrafawa wajen tiyata.

Kwanan baya 'yar yayata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta kawo mini abin da suka haɗa a makaranta: ƙaramar mota ta kwali mai batir da idanu biyu na lantarki, tana bin baƙin layin da aka zana a ƙasa. Ta ce, "Kawu, idan na sauya lissafin a kwamfuta, sai ta guje wa layin maimakon ta bi shi." Na ba ta labarin gungumen Banu Musa da ƙusoshinsa, ta ɗauko takarda ta ce in zana mata yadda ɗawisun al-Jazari yake miƙo sabulu, domin tana son ta gwada shi da robar ruwa da murfin kwalba.