Daren farko bayan an sari yaro

Aikin sasanta kauraye, wato 'yan daba, a cikin birnin Katsina ya koya mini cewa ramuwa ce ke cinye unguwa. Sai a sari yaro a gidan biki ko wajen kallon hawan sallah, kafin a gama ɗinke shi a asibiti abokansa sun taru a majalisa, kowa da gora ko adda. In ba a same su a daren nan ba, gobe a wata unguwar za a yi zaman makoki.

Wani likita ɗan Amurka, Gary Slutkin, wanda ya yi yaƙi da kwalara a Somaliya, ya fara shirin CeaseFire a birnin Shikago a shekarar 2000. Ya ɗauki faɗan daba a matsayin annoba da ake tarewa tun daga mutum na farko, kuma tubabbun 'yan daba ya tura su yi tarewar. Mu ma abin da muka gani ke nan. Mai unguwa da liman suna da kwarjini, amma yaron da zuciya ta ɗebe shi zai durƙusa ya ce "to, Baba", ya tashi ya aikata abin da ya yi niyya.

Akwai wani cikinmu da ya bar harkar, yanzu faci yake yi wajen Kofar Marusa. Ba ya yin wa'azi. Zama yake a tsakiyar yaran ya tambaya ko sun ci abinci, ya aika wurin mai shayi. Sai hira ta miƙa ya ɗaga riga su ga tabon cikinsa, ya ce, "Ƙanena, wanda ya yi min wannan yana kurkuku, ni kuma uwata ta sayar da akuyoyinta." Haka zai riƙe su har kiran assalatu. Da safe kowa ya samu abin faɗa ba tare da an kira shi matsoraci ba: Yaya ne ya hana.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne zuwa gidan wanda ya yi saran. Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya koyar cewa zalunci ake yaƙa, ba mutumin da ya aikata shi ba. Faɗa da baki da sauƙi. Dangin mai rauni kuwa gani suke mun ci amanarsu, wasu har gaisuwa suke daina amsa mana.

Lokacin zaɓe kuma aikin kan koma baya, domin masu raba wa yaran kuɗin ƙwaya sun fi mu aljihu.