“Fafaroma Ya Ce”: Abin da Teburin Labaran Ƙetare Ya Koya Mini

Akwai jimloli biyu da in suka faɗo teburin labaran ƙetare nakan gyara zama: “Fafaroma ya ce” da “Cocin Katolika ya amince”. Ni Musulmi ne, ban taɓa zama ajin koyon addinin Kirista ba. Aikin tace labarai ne ya sa dole na san yadda wannan coci yake tafiyar da al'amuransa, domin duk ranar da ɗaya daga cikin jimlolin nan ta fito da safe, kafin la'asar ta zama makamin siyasa a Facebook da X da WhatsApp, kuma galibin masu jifa da ita ba su karanta ko layi ɗaya na asalin maganar ba.

Ranar 18 ga Disamba 2023 ofishin fadar Vatican mai kula da aƙida, ƙarƙashin Kadinal Victor Manuel Fernandez, ya fitar da wata takarda da Fafaroma Francis ya amince da ita. Kan ka ce kwabo labari ya bazu cewa Fafaroma ya halatta auren jinsi. Takardar ba ta faɗi haka ba. Ta sake jaddada cewa aure a wurinsu tsakanin namiji da mace yake, kuma koyarwar ba ta canja ba. Abin da ta buɗe ƙofarsa shi ne limamin coci zai iya yi wa mutum biyu gajeriyar addu'ar sanya albarka idan sun zo sun roƙa, ko da zaman da suke yi bai dace da dokar coci ba, har da masu jinsi ɗaya, muddin ba a mayar da abin bikin ibada ba, ba kayan aure, ba lafazin ɗaurin aure. Mutum na da damar ya ce ko wannan ɗin ma bai kwanta masa ba, kuma 'yan Katolika da yawa sun faɗi hakan da babbar murya. Cikin 'yan kwanaki bishop-bishop na Najeriya suka ce ba za a yi wannan addu'a a cocinsu ba. Ranar 11 ga Janairu 2024 Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya sa hannu kan wata wasiƙa a madadin ƙungiyar bishop-bishop na Afirka da Madagaska mai ɗauke da irin wannan matsayi, kuma Fafaroma bai hukunta kowa ba, ya bar su a kan bakansu.

Ke nan labari uku ne a dunƙule: takarda ta fito, Afirka ta ƙi, aƙidar aure tana nan inda take. Wanda ya yi yawo a wayoyin mutane na farkon ne kaɗai, shi ma a gurɓace. Wasu Musulmi suka samu abin yi wa maƙwabtansu Kirista gori, wasu Kiristocin da ba 'yan Katolika ba suka samu abin cewa “dama mun faɗa”, masu zagin Turawa kuma suka ƙara shi cikin jerin hujjojinsu. Kowa ya ɗauki abin da zai yi masa amfani a rigimar da dama yake yi.

A nan na fara gane cewa maganar Fafaroma hawa-hawa ce. Mutane da yawa, har da wasu 'yan jarida, sun ɗauka cewa 'yan Katolika sun yi imani duk abin da ya fito daga bakinsa ba kuskure a ciki. Ba haka ba ne. Babban taron Vatican na farko, a 1870, shi ya ayyana wannan aƙida, kuma ya kewaye ta da sharuɗɗa: sai idan Fafaroma yana magana a matsayin shugaban cocin duniya baki ɗaya, kan batun imani ko ɗabi'a, da niyyar yanke hukuncin da zai hau kan kowa. Tun daga 1870, sau ɗaya aka san wani Fafaroma ya yi amfani da wannan iko ƙarara, wato a 1950, lokacin da Pius na 12 ya ayyana cewa an ɗauke Nana Maryam, mahaifiyar Annabi Isa (AS), zuwa sama da jikinta da ruhinta. Ƙasa da wannan akwai hukunce-hukuncen manyan taruka, da littafin koyarwar coci, da dogayen wasiƙun da Fafaroma kan aika wa mabiya, da takardun ofisoshin Vatican, da huɗubobi. Can ƙasa kuma akwai hirar da yakan yi da 'yan jarida a cikin jirgin sama. Shahararriyar maganar nan ta Francis, cewa wane shi da zai yanke wa ɗan luwaɗin da ke neman Allah da kyakkyawar niyya hukunci, a jirgi ya yi ta, a Yulin 2013, yana dawowa daga Brazil. Ta nuna halin mutumin da salon shugabancinsa, amma ba ta goge ko harafi ɗaya daga littafin koyarwa ba.

Bai kamata wannan ya ba mu wahalar fahimta ba. Mun san bambancin nassi da ijma'i, da fatawar malami ɗaya, da raha da ya yi a tsakiyar karatu. Ranmu yakan ɓaci idan wata jaridar waje ta yanko minti ɗaya daga wa'azin wani malami ta ce ga abin da Musulunci ya ce. Adalcin da muke nema wa kanmu a wannan wuri, shi ake bin mu idan labarin wasu ya zo hannunmu.

Rigimar da ta fi ba ni sha'awa a Amurka aka yi ta. A ƙarshen Janairun 2025 mataimakin shugaban ƙasar, JD Vance, wanda ya shiga ɗarikar Katolika a 2019, ya yi hira da tashar Fox News yana kare matakin gwamnatin Trump na korar baƙin haure. Ya ce a koyarwar Kirista ƙauna tana da tsari: ka fara da iyalinka, sai maƙwabcinka, sai al'ummarka, sai 'yan ƙasarka, daga nan ne za ka waiwayi sauran duniya. Rory Stewart, tsohon minista a Birtaniya, ya ƙalubalance shi a X, shi kuwa Vance ya ce a je a bincika abin da ake kira ordo amoris da Latin, wato tsarin ƙauna. Nan take dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan manyan malaman coci na da irin su Augustine ko Thomas Aquinas ba suka zama masana tauhidin Kirista. Ranar 10 ga Fabrairu Francis ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka wasiƙa. Bai ambaci sunan Vance ba, amma ya ce ƙaunar Kirista ba da'ira ba ce da ke faɗaɗa sannu a hankali daga kan mutum zuwa waje, kuma tsarin ƙauna na gaskiya yana cikin misalin da ke cikin Linjila na wani Basamariye da ya tsinci baƙon da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Yariko, ya ɗauke shi ya yi jinyarsa.

Da na bi diddigin maganar sai na ga ba Vance ne ya ƙirƙiro ta ba. Aquinas, malamin ƙarni na 13, ya koyar da cewa na kusa sun fi haƙƙi a kanka, maganar da ba baƙuwa ba ce a kunnen Musulmi. Amma shi ɗin dai ya ce idan baƙo yana cikin matsananciyar buƙata, za a iya fifita shi ko a kan mahaifi, matuƙar mahaifin ba ya cikin irin wannan hali. Magoya bayan Vance suka riƙe rabin farko, masu adawa da shi suka riƙe rabin ƙarshe, kowa na rantsuwa cewa nasa ne addinin. Abin kamar mutum ya je wurin mahauci ya sayi tsokar da yake so, ya dawo gida yana cewa ai saniyar ke nan gaba ɗayanta. Sannan ko da an yarda da ɗayansu, tambayar siyasar tana nan ba a amsa ta ba: wa za a kora, ta wace hanya, me za a yi da yaran da aka haifa a can? Tauhidi bai yanke wa majalisar dokoki wannan ba.

Koyarwar Katolika, idan ka ɗauke ta dukkanta, ba ta shiga aljihun kowace jam'iyya a Amurka. Tana haramta zubar da ciki, abin da ke faranta ran 'yan Republican. Tana kare baƙin haure da matalauta, kuma tun 2018 littafin koyarwar ya ce ba a yarda da hukuncin kisa ba, abin da ke faranta ran 'yan Democrat. A Mayun 2022 Archbishop Salvatore Cordileone na San Francisco ya hana Nancy Pelosi, kakakin majalisar wakilan Amurka a lokacin, karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake ba mabiya a lokacin ibada, a yankinsa saboda goyon bayanta ga dokar zubar da ciki. Wata guda bayan haka ta karɓa a babban cocin Saint Peter da ke Vatican. Duk labaran biyu gaskiya ne, domin ikon bishop a yankinsa yake tsayawa. Haka da aka zaɓi Robert Prevost, haifaffen Chicago da ya daɗe yana aiki a Peru, ya zama Fafaroma Leo na 14 ranar 8 ga Mayu 2025, cikin sa'o'i aka tono cewa shafin X mai ɗauke da sunansa ya taɓa yaɗa wata maƙala da ke cewa Vance ya yi kuskure. Masu sassaucin ra'ayi suka fara murna, sai ga wani jawabinsa na 2012 inda ya soki yadda kafofin yaɗa labaran Yamma ke ƙawata auren jinsi da zubar da ciki. Murna ta koma ciki.

Idan cacar baki ta yi zafi, koyaushe akwai mai cewa a cire addini daga maganar siyasa kowa ya huta. Na daɗe ina jin wannan a ɗakin labarai, kuma ban ga inda ya yi aiki ba. Mutumin da ya yi imani cewa ɗan tayi rai ne ba zai ajiye imanin a ƙofa ba ranar da ake muhawarar dokar zubar da ciki, kamar yadda Musulmi ba zai manta da hukuncin riba ba idan ana maganar bashin banki. Abin da ke canjawa kawai shi ne wanda ake zargi da me. A Satumban 1960 John Kennedy, ɗan Katolika mai neman shugabancin Amurka, ya tsaya gaban fastocin Furotesta a Houston yana ba su tabbacin cewa ba zai karɓi umarni daga Fafaroma ba idan ya ci zaɓe, domin tsoron da ake yi a lokacin ke nan. Bayan shekara 60, Joe Biden, ɗan Katolika na biyu da ya mulki ƙasar, laifin da aka riƙa ɗora masa shi ne ba ya bin koyarwar cocin yadda ya kamata.

Ba a wajen shigar addini cikin zancen ne gizo ke saƙar ba. Abin da na koyi dubawa shi ne wa ya yi maganar, a wace kujera yake zaune da ya yi ta, kuma me yake nema daga wanda ba addininsu ɗaya ba. “Addinina ya sa nake goyon bayan wannan doka” dalili ne da za a iya saurara a amsa. “Addinina ya sa dole ka yi shiru” wani abu ne daban.

Mun ga wannan a gida. A saƙonsa na Kirsimetin 2020, Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya zargi gwamnatin Buhari da nuna son kai wajen rabon muƙamai, har ya ce da wani shugaban da ba Musulmin Arewa ba ne ya yi kaɗan daga cikin abin da aka yi, da tuni an yi juyin mulki. Ƙura ta tashi. Wasu suka ce kiran juyin mulki ne, wasu suka ce cin zarafin Musulunci ne, shi kuma ya musanta duka biyun. A Janairun 2021 wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta ce ya nemi afuwa ko ya bar jihar. Fadar shugaban ƙasa, ta bakin Garba Shehu, ta ce lallai maganganun bishop ɗin sun ɓata wa mutane da yawa rai, amma tsarin mulki ya ba shi 'yancin zama inda ya ga dama. A ganina saƙon nan magana ce ta siyasa daga bakin malamin addini. Ba aƙidar Katolika ba ce da ta wajaba a kan mabiya, kuma rigar da ya sa ba ta hana a soke shi ba. Amsar da ta dace da zargin son kai a naɗe-naɗe ita ce a kawo jerin waɗanda aka naɗa a baje kowa ya gani. Kaɗan ne suka yi hakan, ko daga cikin masu kare shi ko masu zaginsa. An fi samun masu tambayar me ya kai bishop cikin siyasa, tambayar da ba su cika yi ba idan limamin Juma'a ya caccaki gwamnan da ba nasu ba.

Wani abin da masu wannan tambaya ba su lura da shi ba: shi kansa cocin ya ja layi, kuma ba a inda suke zato ba. Bai hana bishop sukar gwamnati ba, amma dokokinsa sun hana limaminsa riƙe muƙamin mulki. Shi ya sa a Mayun 2022, da limamin Katolika Fada Hyacinth Alia ya shiga neman takarar gwamnan Binuwai a APC, Bishop William Avenya na Gboko ya dakatar da shi daga jagorantar ibada a bainar jama'a. Ba shi ne na farko ba a jihar, domin Fada Moses Adasu ya hau kujerar a 1992. Alia bai janye ba. Ya yi yaƙin neman zaɓe magoya bayansa na kiransa da Fada a kowane dandali, kuma a 2023 mutanen Binuwai, waɗanda ɗimbinsu 'yan Katolika ne, suka zaɓe shi duk da dakatarwar da bishop ɗinsa ya yi masa.