Da aka matsa iyakar jiha, wa ya ci zaɓe?

Ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Jos, kuma sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 yana cikin abubuwan da ɗalibai ke haddacewa ba tare da sun ji nauyinsu ba. Kowa zai karanto maka cewa mai neman shugabancin ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a biyu bisa uku na jihohi. Amma ka tambaye su me zai faru idan jihohin da kansu suka sauya, sai a yi tsit. Shi ya sa na tara 'yan ajin ƙarshe, muka ɗauko sakamakon da INEC ta fitar na zaɓen 2023, muka zuba shi a Excel, muka shimfiɗa taswirar Najeriya, muka shiga goge layi muna sake ja.

Daga gida muka fara. Har zuwa 1996 Nasarawa cikin Filato take, kafin Abacha ya yanke ta. Muka mayar da ita. Peter Obi ne ya ci jihohin biyu a 2023, saboda haka haɗewar ba ta sauya mai nasara ba, sai dai ta rage masa jiha ɗaya a lissafi. Sannan muka mayar da Jigawa cikin Kano kamar yadda take kafin 1991. Kwankwaso ya samu ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a Kano, Tinubu kuma ya ci Jigawa. Da aka haɗa, Kwankwaso ya ci gaba da zama a gaba, Tinubu ya rasa jihar da ya ci amma kashi 25 ɗinsa na nan, Atiku kuwa da ya haura kashi 25 a Jigawa sai ƙuri'un Kano suka haɗiye shi ya faɗo ƙasa da hakan.

Wata ɗaliba ce ta fara gano inda aka dosa. Ta ce, "Malam, duk yadda muka juya, jimillar ba ta motsi." Gaskiyarta. Tinubu na da miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.10, kuma ko jiha ɗari ka yi daga Najeriya haka za su tsaya. Ƙuri'ar mutumin Shendam ɗaya ce ko ka kira shi ɗan Filato ko ɗan wata jiha.

Don su ga cewa ba ko'ina ake haka ba, na kawo musu Amurka. A can wakilai 538 ne ke zaɓen shugaba, mai 270 ya ci. Kowace jiha tana da wakilai gwargwadon kujerunta na majalisar wakilai, a ƙara biyu na sanatoci, kuma in ban da Maine da Nebraska, wanda ya ci jiha ko da ƙuri'a ɗaya ce shi ke kwashe wakilanta kaf. A 2000 George Bush ya ci Florida da tazarar ƙuri'a 537 kacal, ya tashi da wakilai 271. Florida tana da wani siririn yanki a arewa maso yamma, a ƙarƙashin Alabama, inda jama'a suka fi karkata ga jam'iyyar Bush. Muka ɗauke yankin muka ba Alabama, wadda dama Bush ya riga ya ci. Nan take Florida ta koma hannun abokin takararsa Al Gore, da ita da fadar shugaban ƙasa. Babu wanda ya sauya ra'ayi, babu wanda ya yi ƙaura. A 2016 ma Trump ya ci Michigan da ƙuri'a dubu goma da 'yan kai. Idan ka miƙa wa Wisconsin tsibirin-gaɓar arewacin jihar, Michigan ta koma wa Hillary Clinton, ko da yake ita kaɗai ba za ta kai ta ga kujerar ba. 'Yan siyasar can sun daɗe da sanin wannan. A 1889 aka shigar da yankin Dakota a matsayin jihohi biyu, abin da ya ninka musu sanatoci.

Na fito daga wannan ɓangaren da ƙarin girmama waɗanda suka tsara mana dokar zaɓe tun 1979. Sun ɗauko tsarin shugaban ƙasa daga Amurka amma suka bar musu wakilan zaɓensu, kuma a ƙasa irin tamu hakan ya rufe wata babbar ƙofar fitina. Mu a Jos ba sai an gaya mana abin da layi a taswira ke haifarwa ba. Tun da aka raba ƙaramar hukumar Jos zuwa ta Arewa da ta Kudu a 1991 ake jayayya kan wanda rabon ya yi wa daɗi, kuma jayayyar ta ci rayuka. Da a ce kujerar shugaban ƙasa ma a kan irin wannan layi take, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Sai dai ƙofar ba ta rufe ruf ba, kuma a nan muka fi daɗewa. Sharaɗin kashi 25 jiha-jiha ake ƙirga shi, don haka yawan jihohi da inda iyakarsu ta bi suna iya hana mai rinjaye cin zaɓe a zagayen farko. An taɓa zuwa bakin wannan rami. A 1979 jihohi 19 ne. Shehu Shagari ya samu kashi 25 a 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya mamaye, ya tsaya a kusan kashi 20. Awolowo ya ce biyu bisa uku na 19 jiha 13 ke nan. Richard Akinjide, lauyan Shagari, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, kuma Shagari ya cika sharaɗin a wannan guntun na Kano. Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya. Na sa yaran suka yi lissafin da hannunsu, suka ga cewa da jihohin 18 ne, babu ma shari'ar da za a yi.

Akwai kuma zagaye na biyu. Idan babu wanda ya cika sharaɗi, mai ƙuri'a mafi yawa zai kara da wanda ya ci jihohi mafi yawa cikin sauran. A 2023 Atiku ya ci jihohi 12, Obi 11 da Abuja. Ka haɗe jihohi biyu na Atiku, ko ka tsaga ɗaya ta Obi, ka sauya wanda zai shiga zagaye na biyu. Wani yaro ya ce, "Ashe Malam wanda ya yanka jihohin ya riga ya kaɗa ƙuri'a." Dukkan jihohi 36 ɗin nan kuwa, tun daga 12 na Gowon a 1967, sojoji ne suka yanka su.

Abin da ya sa na ɗauki aikin da gaske shi ne buƙatun sababbin jihohi da ke ta zuwa Majalisar Tarayya. Kudu maso Gabas na da jihohi biyar, suna neman ta shida, kuma ina ganin kukansu na da hujja. Sashe na 8 ya sa hanyar ta yi tsauri, da ƙuri'ar raba gardama da amincewar majalisu, amma wata rana za a iya ƙetarewa. Lamba 36 tana rabuwa uku cif, ta ba da 24. Tun da Kotun Ƙoli ta ce a Oktoban 2023 a ɗauki Abuja kamar jiha, 37 ake ƙirgawa, biyu bisa ukunsu kuwa 24 ne da guntu. A ƙara jiha ɗaya, ya zama 25 da guntu. Sashe na 134 bai faɗi yadda za a yi da guntun ba. Ra'ayina shi ne duk ƙudurin ƙirƙiro jiha ya zo tare da gyaran wannan sashe, a rubuta adadin jihohin da ake bukata a fili tun ba a san wanda zai tsaya takara ba. Ɗalibaina sun rubuta hakan a takarda, za mu aika wa ɗan majalisarmu kafin a rufe zangon karatu.